Ɗana ya fasa ɗakin zanzaro, ya yi mini tambayar da na kasa amsawa

Maman Auta, Marwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Autana shekararsa 5, bana ya shiga ajin ƙanana a lakwal. Ranar Asabar ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji ya yi shiru a zaure, irin shirun da uwa ta san da magana a ciki. Na leƙa, na tarar ya sa tsinke ya fasa ɗakin zanzaron da ke bayan ƙyaure. Ƙasa ta zube, ga ƙananan gizo-gizo guda bakwai a kwance ba sa motsi, ga wata farar tsutsa a tsakaninsu. Ya ɗago kai ya ce, "Mama, wa ya rufe su a ciki? Ina ƙofar?" Na rasa abin da zan ce masa, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Littafin da aka ba su yana da hotunan gidajen dabbobi, amma duk na ƙasashen sanyi ne, har da wata dabba a kogon ƙanƙara. Yaron nan bai san ƙanƙara ba sai ta firiji. Ina so in fara masa da abin da ke kusa da mu. Da me zan fara, kuma yaya zan yi bayanin ya shiga kan ɗan shekara 5?

Baba Mai Lambu, Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya mana shi. Ai ya riga ya zaɓa miki inda za ki fara.

Zanzaro mace ce ke ginin, ita kaɗai. Tana zuwa inda ƙasa ta jiƙe, gindin randa ko bakin rijiya, ta dunƙula laka ƙanƙanuwa, ta ɗauko ta manna a bango, ta koma ta ƙaro, har ɗaki ya tashi. Sai ta kamo gizo-gizo ta harbe shi. Ba ya mutuwa, sandarewa yake yi, don kada ya ruɓe. In ta cika ɗakin da su sai ta saka ƙwai ɗaya, ta liƙe bakin da laka, ta fara wani ɗakin a gefe. Tsutsar da ya gani ɗiyarta ce, gizo-gizon kuma guzurinta. Batun ƙofa kuwa, daga ciki ake buɗe ta: in ɗiyar ta girma ta yi fiffike, ita ke huda bangon ta fito. Ki nemo tsohon ɗaki mai 'yar huda ki nuna masa, zai gane da kansa.

In damina ta kama, ki kai shi gindin bishiyar da kabare suka yi sheƙa. A lambuna da ke kusa da Binuwai nakan zaunar da jikokina mu yi ta kallo. Namijin ne masaƙin. Yana tsage ganyen ciyawa a tsaye, ya fara ƙulla zobe a ƙarshen reshe, ya riƙe da ƙafa yana sarƙawa da baki, bakin sheƙar kuma yana kallon ƙasa, ruwan sama bai samun hanya. Da ya gama sai ya rataya a ƙasanta, kai ƙasa, yana kaɗa fiffike yana kiran mace. Ta zo ta duba. In babu wadda ta karɓa har ciyawar ta bushe, shi da kansa zai warware ya sake sabuwa. Jikata ta tsinci wadda ta faɗo, na ce ta gwada kwance ta da yatsa ba tare da ta tsinka ba. Ta fi rabin sa'a a kai.

Malama Yar Kusseri

Yaya, ina koyar da masu shekara 4 zuwa 6, kuma abin da na lura shi ne dogon bayani ba ya zama a kansu. Tambaya ɗaya nake maimaitawa a kan kowace dabba: me take gudu? Rana, ruwa, ko mai cinye ta? Daga nan sai mu gwada da hannu. Ki ba shi laka ya gina ɗakin zanzaro a jikin bulo, da 'yan dunƙule ƙanana kamar yadda take yi. Zai rushe masa sau biyu ko uku, a nan zai ga girman aikin.

Wanda ya fi kama yarana shi ne labarin gaiwa, don sun san ta a kasuwa. Idan ruwan fadamar kogin Logon ya janye, gaiwa ba ta bin ruwan. Nutsewa take yi cikin taɓo, ta naɗe jikinta, yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata kamar jaka, ta bar 'yar kafa da iska ke shiga, domin tana da huhu. Haka za ta kwanta wata da watanni a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa har ruwa ya dawo. Wani yaro ya tambaye ni ko in yana tafiya a fadama da rani yana taka kan kifi. Na ce masa mai yiwuwa ne ƙwarai. Har aka tashi yana maganar.

Kawun Yara, Injamena

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma Hajiya ki kafa masa doka tun yau: ido ke kallo, hannu ba ya shiga rami. Tsohon suri da ramin gafiya ko na kurege, sau da yawa mai ginin ya tashi, maciji ko kunama sun tare. Ki kuma nuna masa bambancin zanzaro da rina. Zanzaro ba ta cika kula mutum ba, rina kuwa taron dangi suke yi wa wanda ya taɓa gidansu.

In ya fara karatun allo, ki tuna masa aya ta 68 a Suratun Nahli, inda Allah ya yi wa ƙudan zuma wahayi ta riƙi gidaje a duwatsu da bishiyoyi da abin da mutane ke ginawa. Ranar da ya ga amya a kan bishiya zai haɗa su.

Maman Auta, Marwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, mun samu tsohon ɗaki mai huda a saman tagar kicin, na ɗaga shi ya leƙa. Jiya kuma zanzaron ta dawo bayan ƙyauren nan, ta fara sabon gini. Shi ya fara ganinta. Ya zuba ruwa a gindin darbejiyar ƙofar gida wai don kada ta yi nisa neman laka, ya ɗauko kujera 'yar tsuguno ya zauna yana ƙirga zuwanta. Ya kai 12, iyakar ƙirgarsa ke nan, sai ya sake daga ɗaya. Ya kuma hana yayarsa share wajen.

Kabare sai damina in Allah ya kai mu. Malama, wace irin ƙasa kike ba su? Ta gidanmu yashi ya yi mata yawa, ba ta kamawa.