Neman kalma: mafarkin da mai yinsa ya san mafarki yake

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena direban trotro ne, wato motar haya ta Gana, yana shataletalen Circle a Ankara (Accra) daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum wajen 150 suka rasu. Allah ya tsirar da shi, amma har yau ruwan nan na biyo shi cikin barci, da warin fetur a kansa. Likitar da ke duba shi ta faɗa masa wani abu da Turawa ke kira lucid dream, wato kana tsakiyar mafarki ka gane mafarki kake, kuma ba ka farka ba. Na zauna zan yi wa Mama bayani a Nima, bakina ya ɗaure. Me za mu ce masa da Hausa?

Daga unguwar Madina: Yaya, ai mafarkin ido biyu ke nan.

A'a ƙanwata, wannan ya riga ya yi aure. Mafarkin ido biyu na wanda ke zaune a benci ne yana gina bene a zuci. Wancan kuwa barci yake na sosai. A 1975 wani mai bincike a Ingila, Keith Hearne, ya shirya da wani mutum cewa in ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama. Na'ura ta kama alamar, ta kuma nuna mutumin bai farka ba. A matakin barcin da aka fi yin mafarki jiki a sake yake kamar an ɗaure, amma ido na motsi, shi ya sa aka bi ta nan.

Daga Sabon Zango: Malam, ko dannau kake nufi?

Dannau akasinsa ne, Alhaji. A dannau ka farka, jiki ya ƙi tashi. Magagi ma bai shiga ba, shi ruɗewa ce.

Daga Fadama: Ni na ga an rubuta "mafarki mai haske". Ko kuwa mu ce mafarki mai linzami, tunda ana juya shi.

Na farkon bin Turanci ne ido rufe. Likitan Holan da ya raɗa sunan a 1913, Frederik van Eeden, wayewar hankalin mai barcin yake nufi, ba hasken abin da ake gani ba. Linzami ya fi daɗin faɗi, na yarda, amma ina tsoronsa. Ba kowa ke iya juya mafarkin ba, wasu ganewa kawai suke yi. In ka ce wa mai firgici irin na ƙanena ga linzami, ya ja bai juyu ba, ka ƙara masa wani kayen. Abin da ya fara taimaka masa ƙarami ne: da rana yakan tsaya ya ƙirga yatsunsa ya tambayi kansa ko mafarki yake, har abin ya zame masa jiki. Wani dare ruwan ya kai masa ƙirji, ya dubi hannunsa, yatsun suka ƙi ƙirguwa. Ya ce a ransa, ashe a gado nake. Ruwan bai janye ba, amma bai tashi da ihu ba. Addu'ar da aka koya mana kan mugun mafarki, tofi sau uku ta hagu da neman tsari da juya kwanciya, bai bari ba, zuwa wurin likita ma haka.

Wata Hajiya daga Aboabo, Kumasi: To ɗana, ai ka faɗe ta da bakinka ba ka ji ba. Ankara ya yi. Mafarkin ankara.

Hajiya, Allah ya ƙara girma! Ankara ba farkawa ba ce, ba iko ba ce, lura ce da abin da kake ciki. Kuma tana juyuwa a baki: na ankara a mafarki, bai ankara ba sai asuba.

Daga Asawase, Kumasi: Ku dai mutanen Ankara komai sai kun ja garinku. Mu nan mafarkin Ankara shi ne na yaron da ke tara kuɗin mota.

Ai 'yar garinku ce ta kawo, Malam, ku yi da ita. Mu rubuta da ƙaramin baƙi, a wuce wurin. Na gwada wa Mama da magariba, ta ce, to shi yaron ya ankara jiya?