Musayar Waƙa: Wa Ya Naɗa Su Hitila?

Baffa Sale:
'Yan uwa, na buɗe fage. A riƙe amsa-amon "wa".

Yaƙin Duniya na farko ya ƙare, Jamus ta sha kaye,
Yarjejeniyar 1919 ta ɗora mata tara mai yawa.
A 1923 kuɗi ya koma takardar tsire,
Kwandon kuɗi a kai, burodi ya ƙi sayuwa.
Kasuwar Amurka ta rushe a 1929,
Miliyan shida a Jamus ba aiki, sai yunwa.
Mai jin yunwa ba ya tambayar wa ya dafa,
Hitila ya ce ga tuwo, suka bi shi da sowa.

Hajara:
Baffa, ka gafarce ni, ban bi ka a nan ba,
Yunwa na share fage, amma ba ta naɗawa.
Zaɓen Nuwamba 1932 ƙuri'unsa sun ragu,
Kashi 33 ya samu, tauraro na dusashewa.
Manya suka ce mu hau shi, linzami na hannunmu,
Shugaban ƙasa Hindenburg ya ba shi kujerar shugaban gwamnati, Janairu 1933 na ƙarewa.
Fabrairu majalisa ta ƙone, Maris doka ta sakar masa mara,
Kafin Yuli ya fita, jam'iyyarsa kaɗai ke rayuwa.

Ɗan Damagaram:
Yaya Hajara, gaskiyarki, haka aka yi a Rum ta Italiya a 1922,
'Yan bangar Musolini masu baƙaƙen riguna sun nufo gari, soja na iya tarewa.
Sarki ya ƙi sa hannu a dokar ta-ɓaci,
Ya kira Musolini ya ba shi gwamnati, ba fafatawa.
Ɗan adawa Matteotti ya miƙe a majalisa ya ce an tafka maguɗi,
Aka sace shi a 1924, a jeji aka tsinci gawa.

Baffa Sale:
Na karɓi gyara, 'yata. Rasha ma ta ƙaryata ni,
Can Sitalin ta cikin jam'iyya ya yi hawa.
Ya ƙwace gonaki, ya kwashe hatsin Yukiren,
Miliyoyi sun mutu a 1933, mulkin ne ya haifi yunwa.

Gwaggo Rabi:
Kun tsaya a Turai, ni Habasha ke ci mini rai,
Jiragen Musolini na zubo guba kamar ruwa.
Sarki Haile Selassie ya kai kuka Majalisar Ƙasashe a Janeba a 1936,
Aka saurara, aka janye wa Italiya takunkumi, ba kunyar kowa.
Sai a 1941 sojan Najeriya suka ratso Somaliya,
Har birnin Harar suna korar Italiyawa.