Taƙaitawa: matsalolin manhajar GPS ta hannu

Ga abin da na tattara daga bayanan 'yan uwa masu amfani da na'urar GPS ta hannu.

1. Kusan kowa ya yarda: kafin a sabunta manhaja, a kwafe wurare da hanyoyin da aka adana zuwa kwamfuta a tsarin GPX (nau'in fayil na adana bayanan GPS). Wasu sun kunna na'ura bayan sabuntawa suka tarar babu komai, abin da ciwo.
2. In na'ura ta daɗe a kashe, a fita fili a ɗan jira. Tana buƙatar sigina daga tauraron ɗan adam aƙalla 4 kafin ta gano inda take.
3. Kan sashen taimakon kamfanin da ya ƙera na'urar ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a nace, a tura hoton allo da lambar sigar manhaja. Wasu sun gaji da amsar "kashe ka kunna", sun koma taswirar OpenStreetMap, wadda masu sa kai ke haɗawa. Ni dai ina ganin a nace tukuna.