Neman kalma: sana'ar da mutane ke ɗauke da ita, da wadda injuna ke ɗauke da ita

1. 'Yan uwa masu fassara, a taimaka min. Kalmomi biyu na tattalin arziki sun tsaya min a wuya: "labour intensive" da "capital intensive". Ta farko ita ce harkar da kuɗin da take kashewa a albashi ya fi wanda take kashewa a injuna da gine-gine, kamar masana'antun ɗinkin tufafi na Bangaladash masu ma'aikata kusan miliyan 4. Ta biyu kuwa kuɗin yana kwance a injuna da gine-gine, kamar matatar mai ko kamfanin jiragen sama.

2. Na sha ganin "aikin ƙarfi" da "aikin inji". Ban gamsu ba. Makaranta da ofishin lauyoyi albashi ne babban kuɗinsu, alhali ba mai ɗaukar kaya a ka. Madatsar ruwa kuma ba inji kaɗai ba ce.

3. Wani malami ya ba ni "mai cin ƙwadago" da "mai cin jari", tunda muna cewa mota tana cin mai. Wallahi sun yi min daɗin faɗi, har na rubuta su. Sai na tuna: idan aka ce ɗan kasuwa ya ci jarinsa, ai ya karye ke nan. Mai karatu zai ɗauka kamfanin asara yake yi, alhali matatar mai na iya cin riba mai yawa. Malam, a gafarce ni, wannan ba za ta yi ba.

4. Asalin ma'anar awo ce, wane ɓangare ya fi nauyi. Ba masana'antar da ba ta da mutane, ba wadda ba ta da kayan aiki. Kuma sikelin yana motsi. A 1913 Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya da kansa, lokacin haɗa mota ɗaya ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Ma'aikata suna nan, amma nauyi ya fara karkata ga injuna.

5. Shi ya sa na tsaya kan rinjaye: "mai rinjayen ƙwadago" da "mai rinjayen jari". Suna shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba: "Ɗinki sana'a ce mai rinjayen ƙwadago." "Kamfanin ya koma rinjayen jari, ya rage ma'aikata."

6. Saura damuwa ɗaya. Jari a bakinmu kuɗin juyawa ne, a wannan fanni kuwa kayan aiki masu daɗewa ake nufi. Mu faɗaɗa ma'anar jari, ko mu ce "rinjayen kayan aiki"? Ni na fi karkata ga jari saboda gajarta. Malamai, me kuka gani?