Hanyar tarayya ko ta keɓewa: abin da kunnuwanmu suka ji wajen sauraren kiɗa a kwamfuta

Malamin makaranta, Ali Dan Sofo

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata uku ke nan da na sayi ƙaramin akwatin DAC, wato na'urar da ke karɓar lambobi daga kwamfuta ta kebul ɗin USB ta mayar da su sauti, domin in ji daɗin kiɗan gurmi da na goge da na daɗe ina tarawa a tsarin FLAC, wato fayil ɗin sauti da aka matse ba tare da an rasa komai daga cikinsa ba. Da na buɗe foobar2000, manhajar da nake kunna kiɗa da ita, na shiga wurin zaɓen mafitar sauti, sai na tarar akwatin nan guda ɗaya yana da ƙofofi har uku, wato hanyoyin da sauti ke bi daga kwamfuta zuwa gare shi: WASAPI ta tarayya, WASAPI ta keɓewa, da kuma ASIO bayan na saka direban da ya zo da shi, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da akwatin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan gilashin da ke gaban akwatin, domin kowane fayil na kunna 48 yake nunawa, wato ƙidaya 48,000, alhali na san yawancin fayilolina daga faifan CD aka kwafo su, kuma ƙidayar CD ɗiban sauti 44,100 ce a kowace daƙiƙa. Ina roƙon wanda ya gwada waɗannan hanyoyi da hannunsa ya faɗa mana abin da ya ji da kunnensa.

Mai gyaran kwamfuta, kusa da babbar kasuwa

Wa alaikumus salam Malam. Lambar 48 da kake gani ba daga akwatinka matsalar take ba, shaida ce cewa kiɗanka yana bi ta mahaɗar sauti ta Windows. Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, duk sautin da ya bi hanyar tarayya sai ya ratsa wannan mahaɗa, inda ake haɗa kiɗanka da ƙarar saƙo da muryar bidiyo su fita tare, kuma tun da ba a iya haɗa abubuwa masu ƙidaya daban-daban, sai a mayar da kowa kan ƙidaya ɗaya, wadda aka zaɓa a saitin na'urar. Yawancin kwamfutocin da ke zuwa shagona a kan 48,000 nake samunsu, domin ita ce ƙidayar da fina-finai da bidiyo ke amfani da ita. Hanyar keɓewa kuwa tana tsallake mahaɗar gaba ɗaya, manhajar kiɗan ta riƙe na'urar ita kaɗai ta miƙa mata lambobin kamar yadda suke a cikin fayil.

Sai dai abin da na fi cin karo da shi a wurin aiki ba sauya ƙidaya ba ne. Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo mini kwamfutarsa yana cewa kalangu ya daina yi masa kama da kalangu, idan makaɗi ya buga da ƙarfi sai sautin ya lafa kamar an danne shi da tafin hannu, idan ya sassauta kuma sai ƙarar ɗakin da aka yi ɗaukar ta taso. Da na leƙa, sai na ga wata manhajar ƙawata sauti da ta zo tare da kwamfutar tana daidaita ƙara tana kuma ƙara nauyin ganga ba tare da saninsa ba. Da muka koma hanyar keɓewa sai ya ce ai an wanke masa kunne, amma da na mayar da shi hanyar tarayya bayan na kashe waɗannan ƙawace-ƙawacen, bai iya bambance su ba. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini keɓewa ta canza masa duniya, abu na farko da nake tambayarsa shi ne me yake kunne a ɗaya ɓangaren.

Mai studiyon ɗaukar waƙa, unguwar Zariya

Ni da ASIO nake aiki kullum, amma ina so Malam ya san dalili. Kamfanin Steinberg na ƙasar Jamus ne ya fito da ita a 1997 saboda masu ɗaukar sauti, babban amfaninta kuma rage jinkiri ne, domin idan mawaƙi yana rerawa yana jin muryarsa a kunne tana zuwa a makare, to, ba zai iya riƙe amshi ba. Mai sauraro zalla ba ruwansa da wannan jinkiri, ko da kiɗan ya fara rabin daƙiƙa bayan ya danna, babu abin da ya ragu daga cikinsa. Idan direban ASIO daga masu ƙera akwatin ya fito, lambobin da yake kaiwa su ne dai waɗanda WASAPI ta keɓewa za ta kai. ASIO4ALL kuwa da matasa ke yawan sakawa ba direban na'urarka ba ne, riga ce da aka ɗora a kan direban Windows domin manhajojin da ba su san wata hanya ba sai ASIO.

Gargaɗi ɗaya nake da shi, kuma da tsada na koye shi. A ASIO da WASAPI ta keɓewa, ma'aunin ƙara na Windows ba lallai ne ya yi aiki ba, ya danganta da na'urar. Wata rana na bar shi a ƙasa sosai ina zaton shi ke riƙe da ƙarar, na buɗe amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, sosai, na danna, sai algaita ta fito da dukkan ƙarfinta, ƙaramar lasifikar hagu mai fitar da siririn sauti ta ƙone nan take. Ku rage ƙara a jikin amfilifaya kafin ku sauya hanya.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari

Yayyena, ni kam na gwada keɓewa na tsawon mako biyu na dawo. Da abin sawa a kunne nake saurare da daddare bayan na taso daga aiki, kuma a kwamfutar nake karɓar kiran ƴan uwa da ke Yamai. Muddin kiɗa yana tafiya babu wani sauti da ke shigowa, har sau biyu mahaifiyata ta kira ban ji ba, idan kuma na buɗe bidiyo a intanet sai ya yi shiru har sai na tsayar da kiɗan. Abin da na yi shi ne na shiga saitin na'urar na sa ƙidayar a kan 44,100 da bit 24, wato yawan lambobin da ake rubuta kowane ɗiban sauti da su, na kashe duk wani abin ƙawata sauti, tun da kusan duk abin da nake ji a wannan ƙidayar yake. Ban ji na rasa komai ba.

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo, Bagalam

Abin da ƴata ta yi dabara ce mai kyau, domin idan ƙidayar fayil ta yi daidai da ta mahaɗar, babu sauyin da za a yi masa ta wannan fuska. Ni kuwa da yake na yi shekaru ina zargin sauya ƙidaya da ɓata kiɗa, sai na ce bari in kama kunnena da hujja. Na ɗauki wani kiɗan molo da na sani kamar tafin hannuna, na yi kwafinsa a 48,000, na sa su biyun a gwajin ABX na foobar2000, inda manhajar ke ɓoye maka wanne ne wanne sai ka canka. Na zauna bayan sallar isha, gari ya yi tsit, na kashe fanka, na yi ta gwadawa, abin da na ci da abin da na faɗi suka zo kusan kunnen doki. Abin ya yi mini nauyi, domin da kunne na ci abinci rayuwata duka, amma lissafi yana bayan sakamakon: ƙidayar 44,100 tana ɗaukar sauti har zuwa 22,050 a ma'aunin hertz, kunnen yaro mai lafiya kuwa iyakarsa wajen 20,000, balle nawa da ya ga jiya.

Duk da haka a kan keɓewa nake saurare har gobe, dalilina kuma natsuwa ce. Ina da fayiloli masu 44,100, ina da masu 96,000 da na ɗauko da kaina daga tsofaffin kaset-kaset, kuma ina son kowanne ya isa akwatin yadda na ajiye shi ba tare da na riƙa komawa saiti ba. Ku kuma lura da ƙara idan kuna kwatantawa, domin wanda ya ɗan fi ƙara ko da kaɗan ne, shi kunne ke cewa ya fi daɗi.

Ɗalibin jami'a, Dan Goulbi

Baba, ni nawa ciwon bai shafi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba. Wani gurnani nake ji a lasifika, na sauya hanya ta fi sau goma bai tafi ba, sai ranar da wuta ta ɗauke kwamfutar ta koma kan batir, amfilifayar kuma tana kan batirin sola, na ji shiru tas. Ashe cajar da na saya mai araha ce ke shigo da shi. Na kuma lura cewa idan ta Bluetooth nake ji, duk wannan muhawara ba ta taso ba, domin sai an sake matse sautin kafin a aika shi.

Malamin makaranta, Ali Dan Sofo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Daren jiya na bi shawarar mai studiyo na fara rage ƙarar amfilifaya har ƙasa, sannan na shiga saitin na'urar na tabbatar an ba manhajoji izinin riƙe ta su kaɗai, na zaɓi WASAPI ta keɓewa. Gilashin ya sauka daga 48 ya nuna 44.1, da na kunna fayil guda ɗaya da nake da shi mai 96,000 sai na ji ɗan ƙas a cikin akwatin, lambar ta canza da kanta. A waƙa ta uku sautin ya ɗan tsinke sau biyu, na ƙara tsawon ajiyar jira a foobar2000, wato sautin da manhajar ke tanada kafin ta aika, bai sake yi ba. Game da daɗi kuwa, a kunnena zaren gogen ya fi fitowa sarai, amma na tarar da wata manhajar ƙawata sauti mai daidaita ƙara tana kunne a hanyar tarayya, irin wadda mai gyara ya ambata, don haka ba zan yanke hukunci ba tukuna. Na kashe ta, kuma ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sa ɗana ya riƙa sauya mini hanyoyin ina juye da baya, in dawo muku da abin da na samu.