Tarakta mai hayaƙi da wuyar tashi da sanyi: abin da aka ce

Na tattaro maganganun da aka yi kan tsofaffin tarakta irin su Massey Ferguson 135.

1. Wuyar tashi: kowa ya yarda a fara duba batir da wayoyinsa, sai hita (mai ɗumama iskar da ke shiga inji), kafin a taɓa famfon mai.
2. Baƙin hayaƙi: matacin iska ya toshe, ko nozul (mai fesa gas cikin inji) na zubar da gas. Da ƙurar hunturu, matacin za a fara zargi.
3. Shuɗi: inji na cin baƙin mai, ringi (zobban fistin) sun gaji.
4. Fari ne ya raba kawuna. Wasu sun ce gas ne bai ƙone ba, in inji ya ɗumama zai ɗauke. Wasu suka ce in bai ɗauke ba, kuma ruwan lagireto na raguwa, gasket ne (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa).

Feshin tayar da inji kuwa, yawanci sun hana, yana iya fasa ringi.