Mma ba ta jin likita ta cikin takunkumi, sai dai ta ce "to"

Autar Mma, Aboabo:

Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyata. Ta haura shekara 70, tana da ciwon suga da hawan jini, duk bayan wata biyu tana zuwa wani asibiti a nan Kumasi a duba ta a ƙaro mata magani da katin inshora. Da ni ke raka ta, amma tun da na kama shago a kasuwar Kejetia sai in sa ta a pragya, wato babur mai ƙafa uku, jikanta mai shekara 12 ya bi ta.

Wancan watan aka canza mata maganin suga. Mai ba da magani yana bayan gilashi, da nos mas, wato takunkumi, a fuska, ya yi mata bayani da harshen Tuwi. Mma ta iya Tuwi, shekara da shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi, da shi take ciniki. Shi ya ce mmienu, wato biyu, yana nufin sau biyu a rana, ita ta ji mmiensa, wato uku. Kwana huɗu tana sha sau uku. Ranar na huɗu na dawo bayan la'asar na same ta zaune a kan sallaya, gumi ya jiƙa mayafinta, hannunta na karkarwa, ta ce ɗakin na juya mata. Maƙwabciyarmu ce ta dama mata sukari a ruwa, sannan ta dawo hayyacinta.

Da na tambaye ta me ya sa ba ta ce ya sake faɗa ba, sai ta ce: "Bakinsa a ɗaure, ta ina zan ji? Ga layi a bayana har ƙofa." Ashe haka take yi da likita ma. Ya yi magana ta ce "to", ya yi tambaya ta ce "to".

Abin da ya ɗaure mini kai, a gida tana jin mu sarai. Shin laifi ne in roƙi likita ya sauke takunkumin in zai yi mata magana? Ba na so a ɗauke mu marasa kunya, gobe ma can za mu koma.

Wata nas, Tafo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara wa Mma lafiya. Kafin komai, ki koma asibitin ki faɗa musu abin da ya faru, da kwanan da ta yi tana sha sau uku, a rubuta a foldarta. Akwai magungunan suga da in an zarce da su suke kayar da suga ƙasa warwas, kuma ga tsoho wannan ya fi hawansa saurin yin ɓarna. Kada ki bari sai ranar da aka ba ta.

Batun takunkumi kuwa, bari in faɗa miki daga ɓangarenmu. Ba laifi ba ne ki roƙa, amma ba ko'ina za a amsa miki ba. In ɗaki ne da taga a buɗe, Mma ba ta tari ba ta mura, likita da yawa zai ja da baya taku biyu ya sauke. In kuwa shi ne ke mura, ko wurin masu tari ne, barinsa a fuska shi ne gatan da zai yi wa mai suga. Abin da na fi so ki yi shi ne ki faɗa tun kafin a fara. Da shigarku, kafin ta zauna, ki ce Mma ba ta ji sosai, sai tana ganin baki. Mu ba mu da yadda za mu sani. Tsohuwa ta ɗaga kai ta ce "to", ni kuma ina da mutane cike da benci, sai in ɗauka ta gane in kira na gaba. Wallahi wannan "to" ɗin na iyayenmu ya sha yaudarata.

Kuma kada ki ce a ɗaga mata murya kawai. Ihu ta cikin takunkumi ƙara yake ƙarawa, ba ya fito da harafi. Ga shi in baki a rufe yake, ba a ganin murmushi, ido da gira kaɗai ke waje, sai tsohuwa ta ga kamar faɗa ake mata, ta ƙara shiga taitayinta. A fuskance ta, a sassauta, a yi gajerun jimloli. In an gama a ce ta maimaita da bakinta: sau nawa, kafin abinci ko bayansa. Kada a tambaye ta "kin gane?", don amsar kin riga kin san ta.

Mu ma fa haka muke fama. Mai ciwo ya zo da takunkumi, muryarsa ta yi ƙasa saboda rashin ƙarfi, ba na ganin ko leɓensa ya bushe, ba na ganin ko ya cije baki sa'ad da na danna cikinsa.

Dattijo daga Sawaba:

Ni abin da ban gane ba, korona ba ta wuce ba ne? Tun watan Maris na 2022 Shugaba Akufo-Addo ya ce sa takunkumi ba dole ba ne. Mun sha kullen mako uku a 2020, mun sa ƙyalle har kunnuwanmu suka yi ciwo, an gama. To me ya sa har yau likita zai rufe baki yana yi wa sa'ar uwarsa magana? A tarbiyyarmu ko hula ka karkata gaban babba sai an yi maka magana. Ɗiyata, ki ce ya cire, haƙƙinki ne.

Wata nas, Tafo:

Baba, a gafarce ni. Takunkumi ya girmi korona a asibiti. Tarin tibi ta iska yake bi, kuma yana nan a unguwanninmu bai je ko'ina ba. Wanda ya wuni yana shaƙar numfashin marasa lafiya, in ya ɗauko wani abu, Mma zai fara ba wa. Ba raini ba ne. Inda na yarda da ku shi ne wanda ya rufe bakinsa shi ke da nauyin tabbatar da an ji shi.

Dattijo daga Sawaba:

To, na ji wannan na ƙarshen. A kansa nake.

Mai aikin gwajin ji, Accra:

'Yar uwa, ni wurin da kika ce "a gida tana jin mu sarai" na tsaya. Ina jin ba jin ku take yi duka ba, rabi ji take rabi gani. In tsufa ya zo, daga siraran sautuka ji yake fara tafiya, irin su s, sh, f, t, ts. Wasula masu kauri suna nan daram, shi ya sa tsoho zai ce miki yana jin ana magana amma bai san me ake cewa ba. Ido ne ke cike gurbin, mutum ya yi shekaru yana karanta leɓe bai ma san yana yi ba. Takunkumi kuma daidai waɗannan siraran sautukan yake dannewa: na tiyata mai shuɗi yana rage su da kamar desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 3 zuwa 4, mai kaurin nan da ake kira N95 yana iya kaiwa 12. Ya rage sauti, ya ɓoye leɓe, ki ƙara gilashi da hayaniyar masu jiran magani. Ki duba kalmomin nan biyu, mmienu da mmiensa: farkonsu ɗaya, bambancin yana wutsiya, kuma s ce a ciki. Ko mai lafiyar kunne zai iya tuntuɓe a nan, balle wadda Tuwi ba shi ta sha a nono ba.

Ki gwada yau da dare. Ki tsaya a bayanta, da muryarki ta kullum, ki faɗi abin da ba ta zata ba, ba "Mma kin ci abinci?" ba. Sai ki dawo gabanta ki rufe baki da faranti ki sake. In ta kasa, ki kai ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, suna gwajin ji a can. Wani lokaci dattin kunne ne ya taru ya toshe, a wanke a huta, amma kada ku sa tsinken ashana ko gashin kaza. In jijiya ce, akwai na'urar ƙara ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 suna da raunin ji mai hana su harka, kuma masu ciwon suga sun fi saurin samunsa. Ba abin kunya ba ne, sai dai iyayenmu sun ƙi jinin a ce musu kurame, ki san yadda za ki gabatar mata da zancen.

Mai kemis, Asawase:

Anti, duba jikin ambulan ɗin maganin. In kin ga bd, sau biyu ke nan, tds sau uku, nocte da dare. Ni tsofaffin da ke zuwa wurina ba na barin su da magana kawai. Ina zana da'ira biyu a jikin kwali, in ɗaga yatsu biyu, in ce asuba da magariba. Da lokacin salla nake ɗaura musu, ba sa mantawa. Jikan nan kuma ki ba shi waya. Ya nemi izini a ɗauki bayanin da murya, minti ɗaya ya isa, ya turo miki ta WhatsApp kina shago. In an ƙi, ya ce a rubuta. Yaro ɗan 12 zai iya wannan, amma kada ki ɗora masa fassarar ciwon kakarsa, akwai abin da ba za ta faɗa a gabansa ba.

Hajiya mai niƙabi, Sabon Zongo:

Ni dariya ma abin ya so ya ba ni, don mu da niƙabi mun daɗe a wannan hali, ta ɗaya gefen. Ranar da na je awo, ni a rufe nas a rufe, muka yi ta "eh?" "eh?" kamar masu ciniki a tsallaken titi. Da na ga mace ce kuma ƙofa a rufe, na ɗage nawa, ita ma ta ja baya ta sauke nata, cikin minti biyu muka gama. Akwai takunkumi mai tagar roba da ake ganin baki ta ciki, na taɓa ganinsa a fuskar wata, sai dai numfashi na sa shi ya yi hazo.

Autar Mma, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba ambulan, bd ne a rubuce, ni ce ban san ma'anarsa ba. Jiya na yi gwajin. Tana tsince shinkafa na tsaya a bayanta na ce, "Mma, Safiya ta haihu." Ko motsi ba ta yi ba. Na zagayo gabanta na faɗa a hankali, ta saki tire ta ce, "Yaushe? Me aka samu?" Da ƙyar na shawo kanta cewa gwaji ne, har yanzu fushi take da ni. Sai yanzu na tuna yadda take ƙure rediyo, muna ta cewa son wa'azi ne.

Ranar Litinin zan rufe shago mu koma tare in faɗa musu batun maganin. Malam mai gwajin ji, Komfo Anokye ɗin sai da takardar turawa daga asibitinmu, ko kai tsaye za mu je? Kuma na ce mata ido za a duba mata, ban ce kunne ba tukuna.